Shekara shida ana Turanci a aji, baki ya ƙi buɗewa: yadda ake koyar da 'yan Indonesiya

Akwai wani saurayi ɗan Indonesiya da nake yi wa darasin Turanci ta Zoom sau biyu a sati, ƙarfe biyu na rana a wajenmu su can takwas na dare, lokacin ya taso daga aiki kenan. Ɗan Garut ne a Jawa ta Yamma, a otal yake aiki, burinsa dai ya samu shiga irin manyan jiragen ruwan nan na 'yan yawon buɗe ido, kuma ba sa ɗaukar mutum sai ya iya tsayawa an yi masa intabiyu da Turanci. A zamanmu na biyu na ce ya ba ni labarin abin da aka yi a gidansu jiya, sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai leɓensa na motsi kamar mai tilawa, can ya ɗago ya ce: "My mother, he go to market yesterday, buy three egg." Yaron nan ya gama sakandare fa, shekara shida yana zama a ajin Turanci, kuma da na tura masa takarda mai gurabe ashirin na ce ya cike da go ko went ko gone, biyu kawai ya faɗi. Wato dokar tana nan a kansa daram, a baki ne take ƙin fitowa. Tun daga ranar nake bin diddigin yadda ake koyar da Turanci a ƙasar tasu, da wane littafi, a cikin minti nawa, don in gane inda ruwan ke tsiyaya.

Abu na farko da na gano shi ne ba ɗaya daga cikin kurakuran jimlar nan da ya faɗo daga sama, kowanne da tushensa a harshen da yake tunani da shi. Ɗauki "he" ɗin da ya kira mahaifiyarsa da shi. Mu Hausawa tun muna goye muka saba da shi da ita, ya tafi ta tafi, har kujera da tebur sai mun raba musu jinsi, shi ya sa he da she ba su cika ba mu wahala ba. A Bahasa Indonesia, wato harshen ƙasar tasu, kalma ɗaya ce tak, dia, namiji dia mace dia, ƙani da ƙanwa duk adik ne, yaya mace da yaya namiji duk kakak, su babba da ƙarami suke fara dubawa kafin su duba mace ko namiji. To mutumin da ya shekara ashirin bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa mace ce ko namiji ne kafin ya ambaci wani ba, in ka tsaya kana masa bayanin wai he na maza ne she na mata ne ɓata lokacinku kawai kake, ya san wannan tun yana aji bakwai. Saurin zaɓe ne ya rasa, kuma shi saurin ba ya samuwa sai da maimaici mai zafi. Ni abin da nake yi masa, na ce ya turo hotunan 'yan gidansu, ina nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri yana faɗin abin da kowa ke yi ba tare da na ba shi sakan biyu na tunani ba, minti biyar a farkon kowane darasi.

Maganar go da went ta fi wannan zurfi. Aikatau a harshensu ba ya canza kama saboda lokaci, makan shi ne ci, "saya makan" zai iya zama na ci, ina ci, ko zan ci, yanayin zancen ne ke nunawa, in ana son a fayyace sai a jefa wata 'yar kalma, sudah an riga an yi, sedang ana cikin yi, akan za a yi, belum ba a yi ba tukuna, ko kuma a ce kemarin jiya, besok gobe. Kaga kenan a wajen ɗalibina tunda ya ce yesterday magana ta ƙare, me ya sa kuma za a ce sai ya sake nuna jiyan a jikin aikatau? Haka "three egg", su tiga telur suke cewa, in suna son jam'i ninka kalmar suke yi, buku littafi buku-buku littattafai, amma da zarar an faɗi adadi ba a ninkawa, kuma wannan kam Bahaushe zai gane shi nan take tunda mu ma ƙwai uku muke cewa, shekara shida, naira goma. Ba su da irin "a" da "the" na Turanci. Ba sa buƙatar irin ne da ce ɗinmu, "dia guru" shi ne shi malami ne ko ita malama ce, "saya lapar" ina jin yunwa, shi ya sa za ka ji "I hungry", daga baya in malami ya matsa musu da am da is sai su wuce gona da iri su riƙa cusa shi ko'ina, "I am agree", "I am go". Sai kuma fassarar kai tsaye irin su "thanks before" daga terima kasih sebelumnya, da "I am boring" alhali mutum so yake ya ce ya gundura.

Wannan ne ya sa ni ban yarda da masu cewa daga ranar farko kar malami ya yi ko kalma ɗaya da harshen ɗalibi ba. Ga mai farawa, ka rubuta "kemarin saya pergi" a allo ka rubuta "yesterday I went" a ƙarƙashinsa, ka sa jan alli ka zagaye went ɗin ka ce masa Turanci sau biyu yake faɗin jiya, cikin minti ɗaya ya kama abin da za ka kwana kana kwatantawa da hannu. Cibiyoyin kuɗi na Jakarta da Surabaya suna tallar malaman da aka haifa da Turanci a baki kuma iyaye na biya da tsada, to lafazin kam za a ji mai kyau, amma Baturen da bai san dia ba, bai san sudah ba, gyara kuskuren zai yi ta yi bai san daga ina yake ɓullowa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Kuma kar a manta ga yara da yawa Turanci harshe na uku ne ko ma na huɗu, ɗalibina da Sundanci, harshen 'yan Sunda na Jawa ta Yamma, ya tashi a gida, Bahasa Indonesia a makaranta da talabijin, Larabcin karatun Alƙur'ani da yamma, sannan Turanci ya zo.

Ɓangaren furuci shi ne na fi ganin an yi sakaci da shi. Suna da sa'a ɗaya, boko suke rubutu da shi irin namu, ba kamar ɗan Tailan ba da sai ya koyi sababbin haruffa. Sai dai sa'ar tana da tarko a cikinta, don rubutunsu kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa, c ɗinsu ma irin namu ne na cokali, to yaro ya ga "cat" a littafi, a harshensu kalma ce mai nufin fenti kuma da c ɗin cokali ake faɗarta, ya ga "air", a wajensu ruwa kenan kuma a-ir ake cewa. Sunayen haruffan ma rikici ne, abin da Turanci ke kira E su shi ne I ɗinsu, ka ce wa ma'aikacin otal ya rubuta sunan baƙo kana karanto masa harafi-harafi sai ka ga ya haɗa gumi. Su ba su saba da baƙaƙe biyu ko uku a jere a ƙarshen kalma ba, test ya zama tes, kuma haka suka are shi a harshensu ma. A nan ne furuci ke cinye nahawu ba a lura ba: yaro ya san asked ne, ya san books ne, amma bakinsa ya datse ƙarshen, malami ya ji ask da book ya ɗauka bai gane darasin jiya ba sai ya sake masa bayanin doka, alhali harshe ne ke buƙatar atisaye ba ƙwaƙwalwa ba. Sai b da d da g na ƙarshen kalma da suke komawa p da t da k, bag da back su zama abu ɗaya, ship da sheep ma haka. 'Yan Sunda kuwa an san su da mai da f da v su koma p, har tsokanarsu ake yi da shi a can, kuma wannan ciwo ne da mu ma muka sani sarai, ni da ɗalibina duk mun sha fama da shi sai dai kowa ta inda ya kama shi.

Ba kowane sauti ba ne ya cancanci a kashe masa lokaci, wannan ra'ayina ne. Ɗan Indonesiya in zai yi Turanci, mafi yawan lokuta ba da ɗan Landan zai yi ba, da ɗan Malesiya ne ko Filifin ko Koriya ko Balarabe a Makka, ƙungiyar ƙasashen yankinsu ta ASEAN ma wadda hedikwatarta ke Jakarta ta rubuta a kundinta cewa Turanci ne harshen aikinta. In ya ce "tink" maimakon think kowa zai gane shi. Amma in ya kasa raba fifteen da fifty a gaban baƙon da ke biyan kuɗin ɗaki, ko ya haɗiye ƙarshen kalmomi, an samu matsala ta gaske. Waɗannan nake sa wa ƙarfi, th ɗin in ya zo daga baya Alhamdulillahi.

To amma duk wannan a cikin harshe ne, kuma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Dole sai mutum ya gane matsayin Turanci a ƙasar. Turawan Holan ne suka mulke su ba Ingila ba, kuma tun ranar 28 ga Oktoba 1928 matasansu suka yi rantsuwar nan da ake kira Sumpah Pemuda, ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, harshen haɗin kai ɗaya, da suka ayyana 'yanci a 1945 sai suka ɗora Bahasa Indonesia a kan komai, suka ajiye harshen Holan gefe suka ɗauki Turanci a matsayin harshen waje na farko da za a koyar a makaranta. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 270 da tsibirai fiye da 17,000 da harsuna sama da 700, kuma harshen nan ɗaya ya haɗe su, da shi ake shari'a, da shi ake karatun likita da injiniya a jami'a, da shi ake labarai da wa'azi da ciniki. Wallahi abin a yaba ne. Sai dai sakamakonsa ga malamin Turanci shi ne yaro zai fita daga aji ya shafe sati bai ji buƙatar kalmar Turanci ko ɗaya ba. Mu a Najeriya ko ka ƙi ko ka so fom ɗin banki da jarrabawa da takardar asibiti za su tilasta maka, su kuwa Turanci a wajensu ya fi kama da yadda Faransanci yake a makarantunmu, ana yinsa a aji a ci jarrabawa a bar shi a nan.

Gwamnati kuma maganin da ta fi saurin ɗaukowa shi ne canza manhaja, har suna da wata magana a can, ganti menteri ganti kurikulum, wato a canza minista a canza manhaja. A shekarun 1950 da taimakon gidauniyar Ford ta Amurka aka shigo da salon a ji a maimaita, malami ya faɗi jimla aji ya amsa har ta zauna, manhajar 1975 ma a kansa ta tsaya. A 1984 aka ce a'a, sadarwa ce manufa. A 2004 aka ɗauko wani tsari daga Ostireliya wanda ya samo asali daga nazarin wani masanin harshe mai suna Halliday, shi kuma ta nau'o'in rubutu yake koyarwa: yadda ake siffanta abu, yadda ake ba da labarin abin da ya faru da kai, yadda ake tatsuniya, yadda ake bayanin matakan yin abu, yadda ake kare ra'ayi. A 2006 aka sake gyara, 2013 aka kawo wata mai matakai biyar irin na binciken kimiyya da aka ce kowane darasi ya bi har da na harshe, 2022 kuma Kurikulum Merdeka ta zo a zamanin minista Nadiem Makarim, mutumin da ya kafa Gojek, kamfanin kiran ɗan acaɓa ta waya. Malamar da ta fara aiki a 2003 kaga manhaja nawa ta gani da idonta, kowacce da sabon fom da sabon bita da sabon salon rubuta shirin darasi.

Tsarin nau'o'in rubutun nan ni a ganina ba shi da laifi in an bi shi yadda aka tsara. Matakinsa huɗu ne, a fara tattauna batun a tara kalmomi, malami ya kawo samfuri a warware shi tare, sai aji da malami su rubuta ɗaya tare a allo, daga ƙarshe kowa ya yi nasa. Mataki na ukun nan shi ne zuciyar abin, a nan yaro ke ganin yadda ake ƙera jimla a gabansa, ya kawo tasa a gyara ba tare da an ba shi maki ba, kuma shi ne ya fi cin lokaci, saboda haka shi ake fara tsallakewa in lokaci ya ƙure. Abin da ke saura sai hadda: tatsuniya tana da gabatarwa da rikici da warwara, yaro ya haddace sunayen da Turanci, a jarrabawa a tambaye shi wane sakin layi ne rikicin ya zaɓi B ya ci. Na tambayi ɗalibina labarin Malin Kundang, tatsuniyar nan tasu ta Sumatra ta Yamma ta ɗan da ya yi arziki ya ƙi mahaifiyarsa ta yi masa baki ya zama dutse, ya ce ai sun yi ta a ajin Turanci, ya jero mini sassanta tsaf, na ce to ba ni labarin da bakinka, ya kasa wuce jimla uku. Kuma ka duba irin asarar da aka yi, labari ne da ya riga ya sani tun yana ƙarami, akwai uwa akwai ɗa wato he da she a kowane layi, duk a lokacin da ya wuce ake ba da shi, ba abin da ya fi shi dacewa da cutar da ke damunsa. Sati uku muka yi yana ba ni shi da baki, kullum ya ƙara tsawo.

Jarrabawa ita ma ta taka rawa. Shekaru da dama jarrabawar ƙasa, Ujian Nasional, ita ce ke jan ragamar aji, zaɓi ne tsakanin A da B da C da D, ba wanda zai ce ka buɗe baki ka yi magana, to malamin da ake auna shi da sakamakon ɗalibansa me kake so ya koyar? An soke ta a 2020 lokacin korona, daga 2021 aka koma wani tsarin auna makarantu, amma ɗabi'ar da aka gina shekara da shekaru ba ta tafiya rana ɗaya. A jami'a ma da yawa sai ka kawo makin jarrabawar Turanci ta TOEFL, irin na takarda, kafin a yaye ka, wanda shi ma babu magana a cikinsa. Sai lissafin lokaci, wanda ni shi ya fi tsaya mini a rai. A manhajar 2013 ƙaramar sakandare darasi huɗu ne a sati kowanne minti 40, babbar sakandare kuwa aka rage na dole ya koma biyu kowanne minti 45, kuma doka ta yarda aji ya kai ɗalibi 36. Raba minti 90 gida 36, minti biyu da rabi kenan kowane yaro zai samu a sati in ma malami bai ce uffan ba, bai kira suna ba, bai rubuta komai a allo ba. Duk wanda ke koyarwa a irin wannan aji in bai raba yara biyu-biyu suna magana lokaci guda ba, to akwai yaron da zai gama zango bai furta jimla ɗaya ba.

Kayan koyarwa kuwa gaskiya gwamnati ta yi ƙoƙari wajen samar da su. Tun 2008 ta fara sayen haƙƙin littattafan makaranta tana ɗora su a intanet kowa ya sauke kyauta, littafin ƙaramar sakandare na manhajar 2013 sunansa When English Rings a Bell, na yanzu kuma English for Nusantara, yaran ciki masu sunayen gida ne da abincin gida da bukukuwan gida, ba wani yaro a Landan da ke jiran jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara ba. Wannan daidai ne, yaro ya fi saurin magana a kan abin da ya sani, in za a koya masa bayanin matakai a ce ya faɗi yadda ake dafa nasi goreng, wato soyayyar shinkafarsu, ko Indomie, wadda mu ma nan ta zama 'yar gida har wasu ba su san daga can ta fito ba. Inda matsalar take, a ajujuwa da yawa abin da ke mulki shi ne LKS, wasu siraran littattafan atisaye masu arha cike da gurabe da zaɓi, malami ya ce a buɗe shafi kaza a cike, a yi maki, a tashi. Kuma littafi komai kyansa ba ya magana. Sauti shi ne babban gibin, yaro na ganin kalma shekara da shekaru bai taɓa jin ta ba sai a bakin malamin da shi ma a takarda ya koye ta. Waya ta rage wannan sosai a birane, yaran kudancin Jakarta har suna da salon maganarsu da ake tsokana, suna jefa literally da which is a tsakiyar kowace jimla, YouTube da wasannin waya sun koya musu abin da aji bai koya ba, amma wannan ba shi ne halin yaron da ke wani ƙauye a Nusa Tenggara ko Papua can gabashin ƙasar ba.

An taɓa gwada gajeriyar hanya. Dokar ilimi ta 2003 ta buɗe ƙofar wasu makarantun gwamnati da ake kira RSBI masu neman matsayin ƙasa da ƙasa, inda ake koyar da lissafi da kimiyya da Turanci. Malaman lissafin da yawa su kansu ba su da Turancin, kuɗin makaranta ya yi sama, 'ya'yan masu hali suka cika su, a Janairun 2013 kotun tsarin mulki ta rushe tsarin. A 2013 ɗin dai manhaja ta cire Turanci daga jerin darussan firamare, bayan tun 1994 an ba makarantu damar koyar da shi daga aji huɗu.

Wuraren da na ga bakin yana buɗewa da gaske ba su da wani kayan aiki na a zo a gani. Akwai Gontor a Ponorogo, Jawa ta Gabas, makarantar kwana ta addini irin wadda suke kira pesantren, an kafa ta a 1926. A can ɗalibi ba shi da izinin hira sai da Larabci ko Turanci, bi da bi ake yi, makonnin wannan su wuce na wancan su shigo, da asuba a ba su sababbin kalmomi su yi ta nanatawa da ƙarfi, akwai zaman koyon huɗuba da jawabi a gaban jama'a, har kotun harshe gare su da masu sa ido da suke kira jasus masu rubuta sunan duk wanda aka ji ya saki harshen gida. Daga Gontor ɗin ne wani mutumin Kalimantan ta Gabas mai suna Kalend Osen ya fito, kuɗi suka yanke masa bai gama ba, ya tafi Pare a yankin Kediri wajen wani malami masanin harsuna, Kiai Ahmad Yazid. Wasu ɗaliban jami'a biyu suka zo neman malamin ya shirya su jarrabawar Turanci ba su same shi ba, aka haɗa su da Kalend, ya koyar da su suka ci, labari ya bazu, a 1977 ya buɗe Basic English Course. Yau ƙauyukan Tulungrejo da Pelem su ake kira Kampung Inggris, ƙauyen Turanci, cibiyoyi sama da ɗari, matasa daga ko'ina a ƙasar suna zuwa su yi sati biyu ko wata ɗaya ko wata shida suna yawo a kan kekunan haya daga wannan aji zuwa wancan, a ɗakunan kwana an kafa dokar ba a magana sai da Turanci wanda ya karya a ci shi tara. Ita cibiyar Kalend an san ta da kai ɗalibanta Borobudur, tsohon wurin ibadar mabiya Buddha, su tare baƙi 'yan yawon buɗe ido su yi hira da su a matsayin gwaji.

Ba wai Pare ba ta da aibi ba, inganci ya bambanta daga cibiya zuwa cibiya, wani malamin bara shi ma ɗalibi ne, kuma in ɗalibai suna magana da junansu kawai kuskure ɗaya zai iya zagaye ɗakin kwana ya zauna daram. Tarar da sa idon ma in aka tsananta suna iya sa yaro ya zaɓi yin shiru gaba ɗaya. Amma sun gano abu biyu da aji ya kasa bayarwa, awanni masu yawa a jere da kuma wurin da ba a jin kunya. Kunyar nan da suke kira malu ba ƙaramin abu ba ce, yaro na tsoron ya yi kuskure a yi masa dariya, in kuma ya iya ya yi a ce masa sok Inggris, ko da Jawanci keminggris, wato mai iyayin Turanci, gaba kura baya sayaki. A wurin da kowa ke kwaɓawa tare ba mai yi wa wani dariya. Ni ma da na gane haka na daina katse ɗalibina in yana magana, ina rubuta kuskure uku kawai a gefe, sai ya gama mu koma kansu, kuma daga nan ne shirun minti ɗayan nan na farkon zance ya fara raguwa.

Yanzu ga wani babban gwaji na tafe. Dokar ma'aikatar ilimi mai lamba 12 ta 2024 ta ce daga shekarar karatu ta 2027/2028 Turanci zai zama dole a firamare tun daga aji uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ban musa ba, kunnen ɗan shekara takwas ya fi na ɗan sha uku kama sauti. Abin da ke damuna shi ne wa zai tsaya a gaban ajin. A firamarensu malamin aji ɗaya ne ke ɗaukar yawancin darussa, da yawansu ba a horar da su koyar da Turanci ba, ga kuma malaman wucin gadi da suke kira guru honorer waɗanda albashin wasunsu ko cefanen wata ba ya kaiwa. In aka miƙa wa irin wannan malama littafi mai hotuna aka ce bismillah, abin da ta sani za ta yi, ta rubuta kalmomi a allo yara su kwafa, ta karanta "air" yadda idonta ya saba gani, yara arba'in su amsa mata. Da ni ake tambaya da kafin a buga littafi ko ɗaya an fara naɗar sauti, waƙoƙi da gajerun hirarraki da tatsuniyoyin gida da ake iya saukewa sau ɗaya a waya a kunna da 'yar sifika ko babu netwok, sannan horon malaman ya zama a kan Turancin bakinsu su kansu, jimlolin da za su riƙa tafiyar da aji da su kullum, buɗe littafi, zo nan, sake faɗa, madalla, kafin a zo maganar cike fom ɗin shirin darasi.